LASISI IJAZAR ZAMANI CE: A TAMBAYA KAFIN A TAFI

 

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu. Wani dattijo ya sayar da gonarsa ta gado ya tura ɗansa ƙasar waje karatun likita. Yaro ya yi shekara shida ya dawo da takardar digiri, aka yi walima, mata suka yi guɗa, kowa sai "Dakta, Dakta". Da ya je neman aiki asibiti sai aka ce masa, "Ina rajistarka?" Ashe uban bai taɓa jin cewa digiri daban, izinin taɓa marar lafiya daban ba. Ya same ni ransa a ɓace yana cewa, "Malam, wannan ai zalunci ne irin na boko." Na ce masa, "Baba, yi haƙuri, mu muka riga boko sanin wannan."

Ga dalili. Tun farkon Musulunci ba a yarda mutum ya shimfiɗa buzu ya ce shi malami ne don kawai ya tara littattafai ba. Sai ya durƙusa gaban malami ya karanta, malamin ya gamsu, sa'an nan ya ba shi ijaza, watau izinin ya karantar da abin da ya karɓa, tare da salsalar malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu. An ruwaito cewa Imamu Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida cewa ya cancanta. A nan ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun karɓi ijaza a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Abdullahi ya wallafa littafin Ida'un Nusukh yana lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. In Shehu bai raina ijaza ba, wane ne ni, wane ne kai?

Ba a ilmin addini kaɗai abin ya tsaya ba. Akwai hadisi a littafin Abu Dawuda wanda ma'anarsa ita ce, duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da wannan ilmi ba, to abin da ya ɓata yana wuyansa. A shekarar 319 Hijira, daidai da 931 Miladiyya, wani marar lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa aikin likita sai wanda babban likita Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi takarda. Masu tarihi sun ce fiye da mutum 800 aka jarraba. To wannan in ba lasisi ba, mene ne?

A Nijeriya yau kusan kowace sana'a da ta shafi rai ko dukiya ko tarbiyya tana da hukumarta. Likita sai ya yi rajista da majalisar likitoci, MDCN, ya yi shekara guda yana aiki a asibiti a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Wanda ya yi karatu a waje kuwa sai ya fara cin jarrabawar da majalisar take shiryawa. Nas da ungozoma suna da tasu majalisar. Masu haɗa magani suna da tasu, kuma ita ce take ba mai kemis lasisi, lasisin da bai ba shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba. Injiniyoyi suna da COREN tun 1970. Lauya ko ya gama jami'a sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi da aka kafa a 1962 kafin ya tsaya gaban alƙali. Mu malaman makaranta muna da TRCN tun 1993, kuma mafi ƙarancin takardar koyarwa ita ce NCE.

Na san wani zai ce, ai takarda ba ita ce ilmi ba. Gaskiya ne. Akwai alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka sau da yawa amma ba shi da ko fallen satifiket, akwai kuma mai digirin da ba zai iya rubuta wasiƙa ba. Amma ku duba, matar da ta kai ɗanta asibiti cikin dare yana suma, tana da halin ta jarraba likita? Ba ta da shi. Dole wani ya riga ya jarraba shi a madadinta. Wannan shi ne amfanin lasisi: kariya ce ga wanda bai sani ba, kamar yadda ijaza take kare almajiri daga malamin ƙarya.

Inda ɓarnar take shi ne neman takarda ba tare da ilmin ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a watan Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma albashin da aka ci da takardar jabu, ɗalibin Islamiyya ya san hukuncinsa ba sai na faɗa ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayar da gona ko saniya, a tambaya: Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta san makarantar nan? Hukumar sana'ar tana karɓar ɗalibanta? In yaro ya dawo wace jarrabawa ce take jiransa, kuma nawa za ta ci? In fitina ta tashi fa? Mun ga ɗalibanmu da yaƙi ya koro daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023, kuma a 2022 ɗin majalisar likitoci ta sanar cewa ba za ta karɓi karatun likita da aka yi ta intanet ba. Haka nan mai son ɗansa ya zama lauya ya sani digirin Shari'a na Madina ko Azhar ilmi ne mai albarka, amma shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar kotu ga lauya. Kada ku dogara da bakin dillalan makarantu, su ladarsu suke nema. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma ɗalibai, wanda ya samu damar zama jarrabawar NBAIS, hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, ya riƙe ta da kyau, ya kuma kula da Turanci da Lissafi. Wadda take son zama ungozoma ta nemi makarantar da majalisar ta yarda da ita, ko da wata ta fi ta araha.

Hukumomi su ma akwai nasu. A sauƙaƙa kuɗin rajista, a daina sa ɗan talaka zarya zuwa Abuja, a kuma faɗaɗa hanyar da mahaddata da malaman zaure za su bi a jarraba su a ba su shaidar da gwamnati ta sani, don kada ilminsu ya zauna ba daraja a ofis.

Shi dai yaron unguwarmu ya koma ya duƙufa karatun jarrabawar majalisa, uban kuma ya daina cewa zalunci ne, yanzu addu'a yake nema. Ku taya shi. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da sana'a ta halal, Ya kiyashe mu da ɗaukar haƙƙin rayukan bayinSa. Amin.