Rangwamen Allah Ba Ya Jiran Takardar Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jarrabawa da cuta, Mai bayar da waraka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.



Akwai wani matashi a masallacinmu, malamin lakkol, wanda na saba gani a sahun farko. Watannin baya ya koma ƙarshen sahu yana salla a zaune, daga bisani ya daina zuwa baki ɗaya. Da na same shi gida sai ya ce: "Malam, ƙafata ta dama ke sagewa, kamar tururuwa na yawo a ciki. Idona ɗaya ya yi dishi-dishi kwanaki, sannan ya washe. An tura ni Yamai an ɗauki hoto, likita yana zargin wata cutar jijiya, amma ya ce sai an ƙara bincike. Kunya nake ji in zauna, ga dattijo ɗan saba'in a tsaye kusa da ni. Kuma anya sallata a zaune ta inganta, tunda har yau ba a ce ga abin da ke damuna ba?"

Da izininsa na kawo maganar nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Amsata gare shi da ire-irensa ita ce: shari'a ta rataya sauƙi a kan gazawar jiki, ba ta rataya shi a kan sunan cuta ba. Ranar da tsayuwa ta gagare ka, a ranar rangwame ya zama haƙƙinka, ko sakamakon asibiti ya fito ko bai fito ba.

Cutar da ake zargi likitocinmu suna kiranta da Faransanci sikileroz an plak. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da na ido suna da rufi, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke kuskure ta riƙa cin wannan rufi, sai saƙo ya riƙa tafiya da tangarɗa. Daga nan ake samun sagewa, raunin gaɓa, jiri, gajiya mai nauyi, dushewar gani da matsuwar fitsari. Ta fi fara bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, ta fi yawa ga mata, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Ba ta da yawa a ƙasashenmu kamar a Turai. Babu awo guda da ke tabbatar da ita. Sai an haɗa hoton da ake kira IRM da awon jini, wani lokaci har da ruwan ƙashin baya, kuma sai an kore wasu cututtuka masu kama da ita, kamar ciwon suga da ya taɓa jijiya ko ƙarancin bitamin B12. Shi ya sa jiran yakan kai watanni. A cikin watannin nan kuwa salla biyar tana nan kullum.

To ga abin da ya hau kanka, ya kai mai jira.

Salla: Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, yana fama da basur ya tambayi Manzon Allah (SAW), aka umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Hadisin yana cikin Buhari. Malamanmu na Malikiyya sun jera matakan: tsayuwa da kanka, tsayuwa da jingina, zama, sannan kwanciya da nuni. Idan yau ka iya tsayuwa, tsaya. Idan gobe jiri ya kama ka, zauna. Alamun wannan ciwo suna zuwa suna tafiya, hukunci kuma yana bin halin da kake ciki a kowace salla.

Alwala: gaɓar da ta sage, wankinta ya inganta muddin ruwa ya game ta an cuɗa, ko da ba ka ji taɓawar ruwan ba. In hannu ya yi rauni, wani ya taimaka maka. In amfani da ruwa ya gagara ko zai ƙara cuta, ga taimama. Yoyon fitsari kuwa, idan ya lizimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala a mazhabarmu.

Azumi da Juma'a: wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin sauƙi ya sha ya rama daga baya. Ɗibar jini don awo ba ta karya azumi. Wanda zuwa masallaci ya yi wa tsanani ya sallaci azahar a gida, ba laifi a kansa.

Wani zai ce: Malam, wannan ai buɗe ƙofa ce ga malalata. Na ji. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya yi ƙaryar ciwo don ya zauna, da Masanin ɓoye yake ciniki. Ni abin da na fi gani da idona shi ne marar lafiya na gaskiya da kallon mutane ya kora daga jam'i. Wannan asarar ta fi waccan girma.

Sannan ina yi maka gargaɗi da abu biyu a lokacin jira. Na farko, ciwon da ba shi da suna kowa yakan raɗa masa nasa. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce, wata ta nuna kishiya ko abokin aiki. Ciwo mai lafawa ya dawo yana saurin gaskata mai wannan zance: an sha rubutu ya lafa, sai a ce an gano bakin zaren, alhali lafawar ɗabi'arsa ce. Yi ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, wannan alheri ne. Amma tuhumar Musulmi ba hujja zunubi ne, barin likita a tsakiyar bincike kuma sakaci ne da amanar jiki. Na biyu, kada ka kwana kana lalube a waya kana yanke wa kanka hukunci. Mai yiwuwa abin da ke damunka wani abu ne mai sauƙin magani. Ko da ita ce, akwai magungunan da ke rage tasowarta, kuma da yawa masu ita suna aikinsu suna riƙe da iyalinsu.

Abin da zai amfane ka: sami ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace alama, ranar da ta fara da ranar da ta lafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, faɗa wa likita komai, har abin da kake jin nauyinsa. Zafi yakan tsananta alamun na ɗan lokaci, don haka a bazara ka nemi inuwa, ka watsa ruwan sanyi, ka huta da tsakar rana. Idan kuwa baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya mutu farat ɗaya, ko gani ya ɗauke, ko fitsari ya tsaya, a tafi asibiti nan take, ba a jiran ranar da likita ya sa.

Kada ka ɗauka haƙuri shi ne yin shiru. Annabi Ayyuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, Allah kuma ya yabe shi da haƙuri. Faɗa wa matarka ko mijinki cewa tsoro ya kama ka bai saɓa wa tawakkali ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya.

Ku kuma jama'ar masallaci, idan kun ga matashi yana salla a zaune, ku kyautata zato ku matsa masa wuri. Ku gaishe shi ba tare da tono ba. Mai hali ya taimaka da kuɗin mota da na awo, domin tafiyar Yamai daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ƙaramin nauyi ba ce.

Malamin nan ya dawo jam'i. Mun ajiye masa kujera a gefen sahun farko. Har yanzu yana jiran sakamako, ku sa shi a addu'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanyaya zukatan masu jira, ya sa abin da ya same su ya zama kankarar zunubi. Wallahu a'alam.