Rowar da Muke Yi wa Kyanwa

Magidancin da zai kira likitan dabbobi da tsakar dare saboda ragon layya, shi ne zai tuntsire da dariya in an ce ya kai kyanwa rigakafi. Yana kiran abin tattali, alhali sakaci ne. 'Yar kyanwa na buƙatar allurar farko tana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ta cika mako 16. Ta haukan kare kuwa daga mako 12. Kuɗin wannan allura bai kai na allurai 4 ko 5 da za a yi wa yaron da ta ciza ba, kuma cutar in ta bayyana kusan babu mai tashi. A tabarmar 'ya'yanka take kwana. Ka kai ta.