Wai Taimako: Talaka Ya Shuka, Ingila Ta Girbe

Akwai wata kalma mai zaƙi da mahukunta da iyayengijinsu na Yamma ba sa gajiya da maimaitawa, wai ita "haɗin gwiwa". Ma'anarta a bakinsu ita ce a horar da 'ya'yan ƙasashe matalauta su zama likitoci da ma'aikatan jinya, don su amfani al'ummarsu. To amma duk matashin da ya taɓa raka mara lafiya daga ƙauyukan Gwaram zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ya ga yadda ake wuni a layi ana jiran likita, yana da haƙƙin ya tambaya: wai shin wa ake horar wa?

A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa da bakinsa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekaru. A 2025 ya ƙara da cewa horar da likita guda yana cin sama da dala 21,000. Wannan kuɗi na wa? Na manomin da ke biyan haraji a kasuwa ne, da matar da ke naƙuda a bayan babur. Sai yaro ya ƙware, hannunsa ya faɗa, sannan Ingila ta buɗe masa ƙofa ta hanyar jarrabawar PLAB, ba ta biya ko kwabo na karatunsa ba. A ma'aikatan jinya kuwa, in aka cire Indiya da Filifin, babu ƙasar waje da Ingila ta fi kwasa kamar Nijeriya.

Za su ce ai akwai doka. Haka ne, a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 a yi hattara da kwashe musu ma'aikata. Sai dai ƙa'idar ba tilas ba ce. Ingila ta hana a zo a yi zawarcinsu, amma wanda ya nema da kansa marhabin! An rufe taga, an bar ƙofa hanhai.

Laifin kuma bai tsaya kan Bature ba. A 2016 gwamnatin Jigawa ta tura ɗalibai 60 Shenyang ta ƙasar Sin koyon likitanci, daga baya aka tura wasu Kubrus da Indiya. Babu mai ƙin a ilmantar da ɗan talaka. Amma wannan ciniki ne da daloli, ba kyauta ba, kuma wanda ya dawo sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci kafin ya taɓa mara lafiya. A wadda aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano a 2023, fiye da rabin waɗanda suka karanto a waje sun faɗi. Ga makarantar koyon jinya a Birnin Kudu, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga ta kimiyyar lafiya a Azare, maƙwabciyar Gwaram. Me zai hana dalolin su gina ɗakin gwaji da gidajen likitoci a nan, a kuma biya albashin da zai riƙe mutum?

Kuba, wadda takunkumin Amurka ya shaƙe, ta buɗe makarantar likitanci ta ELAM a 1999, tana karantar da 'ya'yan matalauta kyauta bisa fatan su koma wa matalauta. Nijeriya ma tun 1987 take tura ƙwararrunta ƙasashen Afirka da Karebiyan su yi shekara biyu su dawo. Ashe an san yadda taimako yake in ana so a yi.

Shi kuwa ɗan'uwan da aka karantar da guminsu, ya sa hannu a kan yarjejeniyar dawowa aiki, sannan ya tsallake tun wa'adi bai cika ba, ya tuna takardar nan alkawari ce, kuma matan Gwaram ne aka yi wa shi.