Ciwon Suga: Jiƙon Mai Lasifika Da Ƙwayar Asibiti

Duk mai cin kasuwannin ƙauye daga Kangire zuwa Birnin Kudu har Gwaram ya saba da masu lasifika, waɗanda ke ɗaga gorar jiƙo suna rantsuwa wai cikin kwana bakwai ciwon suga zai rabu da mutum har abada. To talakan da kuɗin mota zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ma ke gagararsa, balle kuɗin magani duk wata, me zai hana shi saye?

Masu raina itatuwa su sani cewa ƙwayar metformin, wadda likitoci suka fi rubuta wa masu ciwon suga a duniya, asalinta wani tsiro ne na ƙasar Turai mai suna Galega. Sai dai mai karatu ya lura da kyau, shi tsiron kansa yana da guba, har tumaki yakan kashe in sun ci da yawa. Sai da masana suka gano sinadarin cikinsa mai sauke suga, suka haɗa wani makamancinsa mai sauƙin illa, sannan wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a jikin marasa lafiya a 1957. Amurka ma ba ta fara sayar da shi ba sai 1995. Ashe abin da ya mai da ciyawa magani shi ne awo da gwaji, a san nawa ke amfani, nawa ke kisa. Shi kuwa mai lasifika wane ma'auni gare shi, ban da murfin gora?

Zogale da shuwaka da garafuni da hulba duk an gwada su a jikin ɓeraye, an kuma ga suna rage suga. Amma ɓera ba mutum ba ne. Aikin da ya rage, na gwaji mai faɗi a kan mutane da tsai da ƙa'idar sha, yana wuyan mahukunta. Tun 1987 aka kafa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD, wadda ta fitar da Niprisan na ciwon sikila daga tsirrai. Wanda ya iya wancan, me zai gagare shi a kan garafunin da ke yaɗo a dangar kowane ƙauye?

Kafin nan, wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye don jiƙo. Sugar da aka bari tana hawa a ɓoye ita ke cin ido da ƙoda, ita ke sa gyambon ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Haɗa jiƙo da ƙwaya irin glibenclamide ba da sanin likita ba kan iya sauke suga fiye da kima, mutum ya faɗi sumamme. Yaron da ke kan allurar insulin kuwa, in aka tsayar masa, cikin 'yan kwanaki ana iya rasa shi. Mai son kwaɗon zogalensa ya ci, amma ya gaya wa likita, ya kuma riƙa auna jininsa.