Filin Kimiyya: Harafi Za a Bi ko Gurbi?

Zancenmu na wannan mako a kan manhajar kwaikwayo ne, watau wadda ke sa kwamfuta ko waya ta yi aikin tsohuwar na'urar wasa. Kowace tana zuwa da tsarin da masu ƙirarta suka zaɓa tun farko, kuma galibin mutane ba su taɓa sauya shi. Ashe kuwa zaɓin nan hukunci ne a kan jama'a.

Ga misali. A na'urar Super Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan cikin 1990, maɓallin A yana dama, B yana ƙasa. Da Microsoft ya kawo Xbox cikin 2001, sai ya sa A a ƙasa, B a dama. To, wanda zai buga wasan Nintendo da abin riƙon Xbox, me manhaja za ta bi? In ta bi harafi, yatsa ya ɓace hanya. In ta bi gurbi, allo ya ce A, alhali hannu yana kan B.

Lalle sabo ba abin wasa ba ne. Cikin 2020, da Sony ya mai da X maɓallin amincewa a PlayStation 5 har a Japan, inda aka saba da mai da'ira tun 1994, 'yan wasan can sun yi ƙorafi.

A ganinmu gurbi ya kamata a bi, domin bisa inda yatsa ke sauka aka tsara wasan. Amma tilas manhaja ta bayyana wa mutum haka tun ranar farko, ta kuma sauƙaƙa masa hanyar sauyawa. Haka nan maɓallin rufewa ya riƙa neman tabbaci, kada wahalar awa uku ta salwanta da dannawa ɗaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.