Makiyayi da Makanike, Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Mu

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, duk lokacin da nama ya yi tsada a Kumasi, mu ake nunawa da yatsa. A ce Bafillatani ya ƙi sayarwa, dillali ya cika son riba, mahauci ya rage awo. Amma ba a tambayar abin da saniya ta ci a hanya kafin ta iso mayankar Kaase. To, mai neman amsa sai ya leƙa Magazin ta Suame.

Galibin shanun da ake yankawa a garin nan daga arewa suke zuwa, da yawansu daga Burkina Faso da Mali da Nijar. Mota za ta shigo ta Paga, ta bi Bolgatanga, Tamale, Kintampo da Techiman, sannan ta faɗo Suame. Waɗannan manyan motoci kuwa tsofaffi ne, hannun makanikai da masu walda na Magazin ne ya riƙe su, kuma cikin dubban masu sana'ar nan akwai 'ya'yanmu na Zango birjik. In mota ta kwana a hanya don an rasa kuɗin taya ko na gyaran giya, shanu ne za su rame, wata ma ta faɗi, asarar kuma ta falke ce.

Ga inda gizo ke saƙa. Falke da sefa yake saye, da sidi yake sayarwa. Mai kayan gyaran mota da dala yake odar kaya, shi ma da sidi yake sayarwa. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin shekarar ta ƙare ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Wanda ya ba mahauta shanu bashi, kamar yadda aka saba, ranar da ya tattara kuɗinsa sai ya tarar ba za su sayo masa rabin mota ba. A cikin wannan hali aka ɗora harajin E-Levy kan kuɗin da ake turawa ta waya, sai a 2025 aka soke shi. A 2023 gwamnati ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Wa ya nemi shawarar makiyayi ko makanike a duk wannan?

Dattawanmu sun san ba yau farau ba. A ƙarshen shekarun 1980 daskararren naman Turai, wanda gwamnatocinsu suka tallafa wa, ya cika kasuwannin bakin teku ya karya darajar shanun Sahel. Da aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai ciniki ya sake juyawa. Ashe dai magana guda da aka yanke a ofis mai nisa tana iya tayar da rugga ko ta kwantar da ita.

Ba mu ce ba a yi komai ba. An cire harajin shigo da kayan gyaran mota a kasafin 2017, an kafa Asusun Raya Zango a wannan shekarar, an ƙaddamar da shirin kiwo don abinci da aikin yi a 2019. Sidi ma ta farfaɗo a 2025. Sai dai an ce gani ya kori ji, mu a kasuwar shanu da gareji muke son mu ga sauƙin.

Buƙatunmu ga hukuma guda uku ne. Na farko, a rage shingaye tsakanin Paga da Kumasi, duk kuɗin da za a karɓa kuma a ba da rasit. Na biyu, tun da Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a zauna da su a rubuta yarjejeniya kan shige da ficen dabbobi, don takardar ƙetare iyaka da aka amince da ita a 1998 kada ta zama tarihi. Na uku, a buɗe rance mai sauƙi ga ƙungiyoyin fatake da na makanikai, a sabunta motoci, yaran Zango su sami abin yi maimakon su bi hamada neman Libiya.

Mu ma akwai namu aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabanninmu su nemi na direbobi da na Magazin da sarakunan Zango, a rubuta ƙorafi ɗaya, a kai wa 'yan majalisarmu tun kafin a karanta kasafin kuɗi. Kowane falke kuma ya riƙa rubuta abin da ya kashe a kowace tafiya, shinge bayan shinge, domin da lissafi ake ja da hukuma. Ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, mu ajiye masa wannan lissafi a gabansa kafin mu karɓi gaisuwarsa.

Allah ya albarkaci garke, ya kiyaye hanya. Amin.