Makarantar Tsakar Gida

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla domin in yi magana da 'yan'uwana malamai, musamman ku da kuke cikin koyon aikin yanzu. Maganar kuwa a kan gidajenmu ne na Kirista masu 'ya'ya da yawa, da irin karatun da ya kamata a riƙa yi a cikinsu.

Kwanakin nan ana ta kawo mana labarin wata al'ada ta Amurka, inda waɗansu iyaye ba su sa 'ya'yansu a makaranta ko kaɗan, sai su koya musu kome a gida, tun daga baƙi da wasali har su isa shiga jami'a. Doka ta yarda da haka a dukan jihohinsu 50, ko da yake a Jamus an hana. Har na fara jin waɗansu 'yan'uwa a nan Samaru Kataf suna cewa mu ma mu yi haka, wai makarantu sun lalace, hanya kuma ba lafiya. Waɗansu iyayen kuwa suna can ɗaya gefen. In sun biya kuɗin makaranta, sun ɗinka wa yaro riga, shi ke nan sun sauke nauyi, sauran aiki na malam ne. Ni dai a ganina duka biyu ba su yi daidai ba. Ra'ayina shi ne, kowane gida mai yara ya zama yana da makarantarsa ta tsakar gida kowace rana, amma kada ta hana yaro zuwa makarantar gari.

Karatun gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Atyap. Mishan na S.I.M. ya kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ya zo Kagoro, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kakanninmu da yawa a ajin mai bishara suka koyi karatu, ba benci, ba littafin rubutu. Wanda ya koya da rana, da dare sai ya zauna a bakin murhu ya koya wa matarsa da ƙannensa. Ta haka karatu ya shiga gidaje tun makarantu ba su yawaita ba. To, ina dalilin da mu jikokinsu, da muka fi su takardun shaida, za mu saki wannan aiki?

Shekarar 2020 ta nuna mana amfaninsa. A watan Maris aka rufe makarantu saboda cutar korona. A watan Yuni kuma aka sa dokar hana fita dare da rana a ƙasarmu saboda tashin hankali. Yara suka yi wata da watanni ba su ga allo ba. Da aka koma, na ga bambanci da idona a aji. Yaron da ake karatu a gidansu ya dawo da abinsa, har da ƙari. Wanda kuwa karatunsa duk a hannun malam yake, sai da muka koma da shi baya, muka sake ginawa daga tushe. Kada kuma mu manta, mu malamai, cewa a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa irin ta aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar, amma uban da ya ji wannan labari, ya kuma ci gaba da barci, lalle bai kyauta wa ɗansa ba.

Bari in ba da misali da gidana, don shi na fi sani. Mu 12 ne muke ci daga tukunya ɗaya, watau ni da uwargida, da 'ya'yanmu 7, da marayu 3 na ƙanena. Babbarsu shekararta 17, autan kuwa 4. Da ƙarfe 5:30 na asuba mukan taru mu yi addu'a. Yaran ne suke karanta Littafi Mai Tsarki, kowa da ranarsa, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai shekara 7 aya ɗaya ta ishe shi, babba ya ɗauki rabin sura. In an karanta da Hausa, sai in sa wani ya faɗi ma'anar da Tyap, gama wanda ya iya juya magana zuwa harshen da ya sha a nono shi ne ya gane ta. Daga nan kowa ya kama aikinsa, masu ɗebo ruwa, masu shara, masu ɗaure awaki, sa'an nan a yi shirin makaranta.

Da dare bayan tuwo mukan zauna awa ɗaya, ba ƙari. Allonmu wani tsohon ƙyaure ne da muka shafa wa baƙin fenti. Kowane babba yana da ƙaramin da yake riƙe da shi, ya duba aikinsa, ya saurari karatunsa. Ni aikina zagayawa da gyara. Ku da kuke karanta tarihin ilmi kun san wannan dabara, ita ce ta Josef Lankasta, wanda ya buɗe makaranta a Landan a 1798, ya sa manyan ɗalibai suna koya wa ƙanana don ba shi da kuɗin ɗaukar malamai. Gida mai yara 10 ya riga ya sami monitocinsa kyauta. Ga kuma wata riba: yaron da ya koya wa ƙanensa rabawa ba ya ƙara mance ta.

Lissafi kuwa uwargida ce mai shi, ita da ba ta wuce firamare ba. Takan ce, "Gidan nan mudu 4 na masara yake ci kullum. Buhun da ya ɗauki mudu 80 kwana nawa zai kai mu?" Yaron da ya ba da amsa ya koyi lissafi, ya kuma gane dalilin da ba a zubar da tuwo. Lokacin haƙar citta mukan auna ta ɗanya, mu sake aunawa bayan ta bushe, yara su lissafa abin da ya ragu. Da damina, in an dawo gona a gajiye, awa ɗayan nan takan koma rabi, amma ba mu soke ta. Ba mu sayi kome ba sai alli da fitila.

Wani zai ce, to, tun da abin yana tafiya haka, me zai hana a cire yaran daga makaranta gaba ɗaya? Ga dalilaina.

Na fari, doka. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbata yaronsa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, watau shekara 9. Kirista ba ya wasa da dokar da ba ta hana shi bin Allah ba.

Na biyu, sanin uba yana da iyaka. Ni malami ne, amma ba ni da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a bayan rumbu. Yaron da yake so ya shiga makarantar aikin gona ta Kwalejin Nuhu Bamalli da ke nan garinmu, ko Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, tilas ya bi ta hannun malamai da yawa, ya kuma ci jarrabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, 'yar fari. A babban gida, in aka ce kowa ya zauna a gida ya yi karatu, kun san wadda za ta ƙare da goyo da daka da wanke-wanke. Ita za ta koya wa kowa, ba mai koya mata. Ƙararrawar makaranta ita ce take ƙwato ta daga bakin turmi na waɗansu awoyi.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Wanda ya san abin da ya faru a Zangon Kataf a 1992 ba ya bukatar a gaya masa haɗarin mutane su zauna ƙasa ɗaya ba su san juna ba. A benci ɗaya ne ɗan Atyap da ɗan Bajju da ɗan Bahaushe da ɗan Bafillace suke aron fensir a hannun juna. In muka kulle 'ya'yanmu a gida don mu tsare bangaskiyarsu, za su girma ba su san maƙwabcin da aka umarce su su ƙaunata ba.

Masu son karatun gida zalla sukan kawo misalin Susana Wesli ta Ingila, uwar Jon Wesli wanda ya kafa ɗariƙar Metodis. Gaskiya ne ta haifi 'ya'ya 19, 10 suka rayu, ta kuwa koya musu da kanta. Yaro in ya cika shekara 5 sai ta fara masa baƙaƙe, karatu awa 6 a rana, kowane yaro kuma yana da lokacinsa a mako da za ta zauna da shi shi kaɗai. Ta kuma kafa doka cewa ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Amma a tuna da ƙarshen labarin: a 1714 aka tura Jon makarantar kwana a Landan, daga can ya wuce jami'a. Uwar ta kafa tushe, ta bar waɗansu suka ɗora gini.

Yanzu gare ku, malaman gobe. In an tura ku ƙauye, kada ku ɗauki iyaye kamar masu kawo muku yara kawai. Ku ziyarci gidaje, ku ga inda yaro yake zama ya yi aikin da kuka ba shi, ko akwai fitila ko babu. Ku ba da aikin gida wanda za a iya yi da mudu da tsakuwa da ƙwayar masara, don ba kowane gida yake da littafi ba. In kun ga yara uku daga gida ɗaya, ku kira babban ku nuna masa yadda zai taimaki ƙannensa. Ku nemi fili wajen Fasto da Zumuntar Mata ku bayyana wa iyaye wannan awa ɗaya. Uwar da ba ta iya karatu ba, kada ku raina ta. Ta san tatsuniya, ta san ƙidaya, ta kuma iya zama kusa da yaro ta ce, "Karanta mini in ji." Wannan kaɗai ya isa ya sa yaro ya dage.

Yaro yana hannunku awa 5 ko 6 ne a rana, sauran duk yana gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu biyu ne masu tanƙwarawar, malam da iyaye. Iyakar abin da zan ce ke nan. Allah ya ba mu hikimar riƙon amanar da ya danƙa mana. Amin.